Doki Goma da Fulin Inci Huɗu

Yau ba doguwar gaisuwa, ku yi min uzuri. Raina a ɓace yake, kuma duk wadda ta san abin da za ta rubuto min shi ne "ki yi haƙuri, haka maza suke," gara ta adana datarta. Na sha haƙurin nan a gidanmu har ya ishe ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni injiniya ce ta ɓangaren injuna. Ba sunan wasa ba ne, karatun na yi, na sha wahalarsa. Lokacin da na ce shi nake so, dangi suka taso kamar na ce zan bar addini. Gwaggo, yayar Abba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta ce wane namiji ne zai auri mace mai warin baƙin mai. Abba kaɗai ya tsaya min. Ya ce, "Tun tana rarrafe take bina gindin inji, ku ƙyale min yarinya." Injin niƙa gare shi a bakin titi, da shi ya ciyar da mu, da shi ya biya min makaranta. Tun ranar da sakamakona ya fito bai sake kirana da wani suna ba sai Injiniya. Hotona na ranar kammalawa yana rataye a wurin niƙan, saman sikeli, gari ya rufe shi, shi kuma ya riƙa goge shi da hularsa yana nuna wa mutanen da ba su tambaye shi ba.

Sai kuma mutumin. A layin masu sayar da injuna Mai Moto ake ce masa, don moto yake sayarwa, wato injin da ke juyawa da wutar lantarki. A wayata kuwa "Nawa" na rubuta, kuma kar wadda ta yi min dariya. Dogo ne, kullum cikin fararen kaya, a kasuwar da kowa ya yi duƙun-duƙun shi kaɗai ne ƙura ba ta gani. Na je sayen bel ɗin inji a shagonsa ya ƙi karɓar komai sai lambata. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so. Har an tsayar da maganar magabatansa za su zo wurin Abba ƙarshen watan nan.

Tsohon injin Abba na dizal ne, ya girme ni, ya fara shan mai kamar ba gobe. Wutar lantarki kuma ta zauna a layin da wurin niƙan yake. Sai Mai Moto ya ce zai ba Abba kyautar sabon moto. Umma ta yi ta sa albarka, Gwaggo ta ce ka ga surukin arziki. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce ya turo min hoton ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin moton, wanda ake rubuta ƙarfinsa da juyinsa.

Ina zaune a bakin gado ina ninke wanki hoton ya shigo. Doki goma, daidai da tsohon injin. Amma juyinsa dubu biyu da ɗari tara a minti ɗaya, alhali tsohon namu dubu ɗaya yake yi. Na ture kayan na ɗauki biro.

Bari in yi muku bayani yadda na yi wa Mai Moto, don ku gane ba wani sihiri ba ne. Abin da ake kira ƙarfin doki abu biyu ne aka ninka: ƙarfin murɗawa, wanda muke ce wa tok, da yawan juyi. In juyi ya ƙaru alhali dokin bai ƙaru ba, dole murɗawa ta ragu. Doki goma kilowat bakwai da rabi ne. Ki ninka shi da 9550, ki raba da juyin, tok ya fito. Na tsohon injin ya ba ni kusan saba'in da biyu. Na sabon moton bai cika ashirin da biyar ba. Wato sabon yana da gudu, amma damtsensa kashi ɗaya cikin uku ne na tsohon. Niƙa kuwa damtse take so.

Maganin ba wuya. Fuli, wato ƙafar ƙarfen da bel ke hawa a bakin inji, shi za a rage. Na tsohon inci goma sha biyu ne. Tunda sabon ya kusa ninka gudu sau uku, sai a raba fulin gida uku, a sa inci huɗu. Gudun ya sauko, ƙarfin murɗawa ya dawo, kamar mai keke da ya sauya giya zai hau tudu. Na rubuta masa duk wannan dalla-dalla.

Ya turo fuskokin dariya guda uku. "Injiniyata, doki goma ai doki goma ne."

"Ba haka ba ne. Inci huɗu za ka sa. In ka mayar da tsohon fulin, moton zai ƙone."

"Na shekara nawa ina sayar da abin nan?"

"Sayarwa kake yi, ban ce ba ka iya ciniki ba. Inci huɗu, don Allah."

"An gama, ranki ya daɗe. Yanzu turo min hotonki, na gaji da lissafi."

Na tura masa kuwa, har da gyara ɗaurin kallabi. Ni ma wani lokacin in na tuna kaina sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar da aka ɗaura moton ina wurin aiki, kamfanin da nake gyara musu famfunan ruwa sun tura ni wani gida can gefen gari. Na dawo da yamma a gajiye, rigar aikina a leda. Tun daga ƙofa na san ba lafiya, don rediyon Abba a kashe yake. Umma tana kicin tana wanke tukunyar da take a wanke. Gwaggo tana kan tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafa tana jan carbi, ta yi min kallon hadarin kaji.

"Sannu da zuwa, Injiniya," ta ce, ta ja kalmar kamar tana tauna ta. "Kin gama gyaran na waje? Na gida dai kin toya shi."

"Me aka toya, Gwaggo?"

"Tambayi ubanki, shi da ya zuba shekarunsa a kanki."

Abba yana falo, gari har a girarsa, bai ko yi wanka ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ba ni labarin a hankali, idonsa a kan kafet. An tayar da moto, injin ya ɗauka da wani irin gudu da bai taɓa gani ba, har maƙwabta suka taru ana tafi. Ana zuba hatsi sai ya fara nishi, ya fara wari, kafin a kai ga makunni hayaƙi ya turnuƙe. A gaban masu kawo niƙa, a ƙarƙashin hotona.

"Yaron nan ya ce lissafin da kika ba shi ya bi," in ji Abba. "Ba komai, 'yar nan. Kowa yana kuskure. Takarda daban, aiki daban."

'Yar nan. Ku da kuke karantawa ba za ku ji nauyin kalmar ba, ni na ji ta har cikin ƙashina. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Yafewar ce ta ƙona ni, don wanda ya yafe maka ya riga ya yarda ka yi. Bai ce min "haka ne?" ba. Na tashi na shige ɗaki na banko ƙofa, abin da ban taɓa yi ba Abba yana gida.

Na kira Mai Moto bai ɗauka ba. Na sake kira ya katse. Sai saƙo.

"Ina cikin mutane. Ki kwantar da hankalinki."

"Wane fuli ka sa?"

Ya yi ta rubutawa yana gogewa, ina kallon alamar tana bayyana tana ɓacewa.

"Babu inci huɗu a shago. Na kai tsohon aka gyara raminsa ya shiga. Kuma gaskiya ƙaramin fuli a kan sabon moto ba kyan gani, na so Abba ya ga gudu."

"Shi ne ka ce lissafina ne?"

"Bakina ne ya suɓuce, mutane sun taru a kaina. Ki duba, ke 'yarsa ce, ko me kika yi zai yafe miki, ga shi ma ya yafe. Ni in ya san ni ne, da wane ido zai kalli mutanena in sun zo? Ki rufa min asiri. Don mu nake faɗa."

Don mu. Ya shafa min kashin kaji a gaban ubana, ya wanke farar rigarsa tas, wai don mu. Na wurga wayar kan katifa ta yi tsalle ta faɗa bayan gado, na bar ta a can.

Da safe na sami Umma tana shanya, na faɗa mata komai. Na zata za ta saki bokitin ta nufi falo. Sai ta matse zanin da ke hannunta, ta shanya, ta ɗauki wani.

"Na ji," ta ce. "Bai kyauta ba. Amma ki bar shi a cikinki."

"Umma, ƙarya fa ya yi min."

"Ki rage murya. Namiji in ya ji kunya a gaban surukinsa ba ya mantawa har ya mutu. Ke me zai rage ki? Takardarki tana nan, aikinki yana nan. Ya ce zai kawo wani moton, magana ta wuce."

"Abba fa? Ya daina kirana yadda yake kirana."

"Suna ne za ki ci?"

Ashe Gwaggo tana bayan ƙofar banɗaki da buta, kunnenta ya fi na kowa lafiya in ba aike aka yi mata ba. Ta fito tana cewa, "Ko gaskiyar ce da ke, mace ba ta tsayawa gaban maza tana auna ƙarfe. Yaro ya kawo alheri, kin bi shi da biro. In ya gudu sai ki auri sifana."

Ban tanka mata ba, don in na buɗe baki a lokacin sai an kira dangi sasanci. Kuma ga gaskiyar da ta sa nake rubuta wannan: na yi shirun. Na yi kwanaki ina haɗiye abin, ina kai wa Abba ruwa yana ce min "sannu 'yar nan," ina wucewa ta bakin titi ina ganin wurin niƙa a rufe, masu kawo hatsi suna tsallakawa wurin wani. Wata mata mai sayar da ƙwai har ta tare ni tana cewa, "Ai ba laifinki ba ne, boko ne haka." Mai Moto kuma yana ta turo min hotunan labule da kujeru, wai in zaɓi kala. Ina son sa, shi ya sa na yi shiru, kuma ina jin haushin kaina a kan hakan fiye da yadda nake jin nasa.

Jiya bayan la'asar ya zo gaida Abba. Umma ta sa na saka doguwar rigar da ya saya min, ruwan toka mai aikin zare a wuya, ta fesa min turare da hannunta, ta ɗora min tire. Na shiga falo na ajiye musu lemo. Yana zaune a ƙasa a gefen kujerar Abba, ya lanƙwashe ƙafa, kansa a sunkuye kamar waliyyi. Ina juyawa zan fita na ji yana cewa:

"Abba, na gano matsalar. Doki goma ya yi wa injin nan kaɗan, a nan lissafin ya kuskure. Jibi zan kawo doki ashirin a ɗaura a wurin, fulin ma ba sai an taɓa shi ba."

Na tsaya cak da tire a hannu. Doki ashirin a kan fulin nan, ko dai shi ma ya ƙone, ko kuma, abin da ya fi muni, ya samu ƙarfin juya injin da gudun da ba a ƙera shi don shi ba. Faifan niƙa ƙarfen zubi ne, in gudu ya yi masa yawa fashewa yake yi. Kuma wa ke tsayawa a bakinsa daga safe har yamma, fuskarsa dab da shi, yana tura hatsi da hannu? Mutumin nan bai ko koma ya karanta abin da na rubuta masa ba. Ya ƙona moto ɗaya, ya ƙona sunana, bai koyi komai ba.

Na ajiye tiren a kicin, na zari makullin wurin niƙa daga ƙusar da Abba ke rataye shi, na ɗauki jakar kayan aikina. Umma tana "ina za ki da wannan rigar?" ban waiwaya ba. Wurin yana warin ƙonanniyar waya har yanzu. Hotona yana nan, gari ya rufe shi ruf, ba wanda ya goge. Na durƙusa a gaban moton, na kwance bel, na sa abin zare fuli na yi ta murɗawa har ya fito. Rigar ta sha baƙin mai daga gwiwa har ƙirji, ko a jikina. Na rungumo fulin kamar jariri na taho da shi ta tsakiyar titi, mutane suna kallona.

Na yi sallama na shiga falo, na dire shi a tsakiyar kafet ɗin Umma. Ƙarar ta sa kofunan suka motsa. Umma da Gwaggo suka biyo ni suka tsaya a bakin labule.

"Abba, ka yi min izini in yi magana."

Ya dube ni, ya dubi rigar. "Ina jin ki."

Na juya wurin Mai Moto. Na so in ba shi dama, Allah ya sani na so. "Faɗa wa Abba inci nawa na ce ka sa."

Ya yi wannan murmushin da ya saba kashe ni da shi. "Haba Injiniya, ba yanzu ba. Maganar ta wuce, Abba ya yafe."

"Bai yafe ba, don ba a faɗa masa abin da zai yafe ba. Inci nawa?"

"Ke 'yar nan, ba ki da kunya?" in ji Gwaggo daga labule.

"Yaya, bari," Abba ya ce, bai ɗaga murya ba.

Na ciro tef na auna fulin a gabansu, sha biyu cif. Na yi wa Abba bayanin da na yi muku. Na ce tsohon injinsa a hankali yake tafiya amma da damtse, sabon da gudu amma ba damtse, doki goman dai ɗaya ne, rabon ne ya bambanta. Na ce moton bai yi kaɗan ba, fulin ne ya yi yawa, kuma in aka ɗaura doki ashirin a kansa ba na so ya tsaya kusa da faifan nan ko na minti ɗaya. Abba ya sa hannu ya shafa fulin, ya san shi, shekara da shekaru yana shafa masa mai. Sannan ya dubi baƙonsa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, yaro. Inci nawa ta ce?"

Na ga gumi yana gangarowa cikin wuyan farar rigar.

"Huɗu, Abba."

"Ka sa huɗun?"

"A'a, Abba."

Abba ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, ni kuwa na so ya yi. Ya ce masa ya gode da alherin moto, Allah ya saka, amma ya gaya wa magabatansa su ɗan dakata tukuna, za a neme su. Mai Moto ya tashi, ya kasa samun takalminsa ɗaya a bakin ƙofa, ya fita bai kalle ni ba. Gwaggo ta ja tsaki ta ce shi ke nan, an kori arziki da ƙarfe. Umma ta tsaya tana kallon baƙin da'irar da fulin ya bari a kafet, na san wannan ma sai na biya ta da kunnena.

Aka bar ni da Abba. Fushina bai sauka ba, ya juya kansa ne kawai.

"Abba, ko tambayata ba ka yi ba," na ce, hawayen da na riƙe kwana da kwanaki suka zubo. "Baƙo ya faɗi magana a kaina ka ɗauka. Kai da ka san ni."

Ya cire hularsa ya juya ta a hannu.

"Tsoro na ji," ya ce. "Na ji tsoron in tambaye ki ki ce min haka ne. Ban kyauta ba." Ya mayar da hular. "Moton nan, in an sake naɗa masa waya zai yi aiki?"

"Zai yi, in an sa inci huɗu."

"To gobe ki nemi izini a wurin aikinki. Ba wanda zai sake taɓa min inji sai ke, Injiniya."

Na shiga ɗaki na zauna a ƙasa da rigar a jikina, na yi kukan da ban san na fushi ba ne ko na daɗi. Umma ba ta yi min magana ba har yau da safe, Gwaggo kuwa magana take yi da bango in na wuce. Abba ya ce zancen auren yana hannuna, in na ce a kira su za a kira, in na ce a'a ba mai matsa min.

Ɗazu ina goge baƙin man da ya maƙale a farcena wayar ta yi ƙara. "Nawa" ne, ban canza sunan ba tukuna, na kai hannu sau da yawa na fasa. Hoto ne ya turo, tafin hannunsa da ƙaramin fuli sabo a kai, ya ɗora tef a jikinsa don in ga lambar. Hannun rigarsa ya yi baƙi, karo na farko tun da na san shi.

"Na zaga kasuwa kaf kafin na samu. Ina ƙofar gida. Ba sai kin yafe ba, ki zo ki auna da kanki."

Da ya yi wannan zagayen tun farko, da yanzu labule muke zaɓa. Na leƙa ta taga, yana tsaye a rana bai ko nemi inuwa ba. Ban fita ba, ban kuma ce ya tafi ba, tef ɗina dai yana hannuna.